Fim Hamsin a Kwali Ɗaya: Yadda Arha Ta Raya Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro

A shekarun farko na wannan ƙarni, manyan kantunan Amurka sun cika da wani kwalin faifan DVD mai kauri, an rubuta masa lamba 50 ɓaro-ɓaro a goshi. Faifai goma sha biyu ne a ciki, kowanne ana kunna shi gaba da baya, kuma abin da suka ɗauko gaba ɗaya fim hamsin ne na ban tsoro, irin wanda samari ke kira horo. Mafi yawansu fari da baƙi ne, an yi su tsakanin shekarun 1920 da na 1960. Kamfanin Mill Creek Entertainment na jihar Minnesota ya fi kowa suna a wannan sana'a, ko da yake akwai irin su Alpha Video, kuma tun zamanin kaset akwai GoodTimes. Kuɗin kwalin duka bai wuce na sabon fim ɗaya ko biyu ba. Masana fim sun daɗe suna yi wa wannan haja kallon hadarin kaji, kuma suna da hujja. Duk da haka, babu wata makarantar koyon fim ko gidan adana kayan tarihi da ya kai waɗannan fina-finai gaban idon talaka kamar yadda wannan kwali ya kai su. Alherin da ya yi da ɓarnar da ya yi daga tushe ɗaya suka fito, wato arha.

Tun asali fina-finan ba 'ya'yan gata ba ne. A shekarun 1930 da 1940, a gefen manyan kamfanonin Holiwud akwai wasu ƙanana da ake yi wa laƙabi da layin talakawa, irin su Monogram da PRC. Aikinsu shi ne samar da fim na biyu, domin a lokacin gidajen silima kan nuna fim biyu da tikiti ɗaya, babba da ɗan rakiya. Ɗan rakiyar ba ya wuce awa guda da 'yan mintoci, kuma a cikin mako ɗaya ko biyu ake gama ɗaukarsa. Nan ne Bela Lugosi, ɗan ƙasar Hungary da ya yi suna da Dracula a 1931, ya ƙarasa da zama lokacin da manyan kamfanoni suka juya masa baya. Fim tara ya yi wa Monogram kaɗai, ya kuma yi wa PRC The Devil Bat a 1940, inda ya fito a matsayin likitan da ke kiwon ƙaton jemage yana aika shi kan maƙiyansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwar ta koma hannun matasa da silimar fili, wadda ake kallo daga cikin mota. Roger Corman ne gwanin wannan zamani. A kwana biyar ya ɗauki A Bucket of Blood a 1959, ya kuma ɗauki mafi yawan The Little Shop of Horrors a kwana biyu, a cikin ɗakunan da aka riga aka gina wa wani fim kafin a rushe su. William Castle shi kuma da dabarar talla ya ci abinci. A wasu gidajen silima da suka nuna House on Haunted Hill a 1959, an ɗaura ƙwarangwal na roba a igiya, in an zo wani wuri a fim ɗin sai a sako shi ya bi ta saman kawunan 'yan kallo. Akwai kuma rukuni na uku, mutanen da ba su da alaƙa da Holiwud ko kaɗan, masu yin tallar talabijin ko fina-finan wayar da kai a garuruwansu, waɗanda suka tara kuɗi a tsakanin abokai suka gwada sa'a. Daga cikin waɗannan ne fina-finai biyu mafi daraja a kwalin suka fito.

Abin da ya sa kamfani zai iya sayar da fim hamsin da kuɗin ɗaya, ba tare da an kira shi ɓarawon fasaha ba, yana cikin tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909. Dokar ta gindaya sharuɗɗa biyu masu tsauri. Dole ne a rubuta shaidar mallaka a jikin fim ɗin lokacin da aka fitar da shi. Kuma kariyar ta shekara 28 ce, sai in mai shi ya je ya sabunta rajista a shekarar ƙarshe ya samu ƙarin wasu 28. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga ciki, fim ɗinsa ya zama na kowa, duk mai so ya buga ya sayar. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi masu riƙe da kalanda, shi ya sa ba a taɓa ganin Dracula ko Frankenstein na kamfanin Universal a cikin irin wannan kwali. Ƙananan kuwa da yawa sun durƙushe kafin shekara 28 ta cika, babu wanda ya saura da zai cike takarda. Wasu ma, irin su Corman a kan The Little Shop of Horrors, ba su ga abin da za a kare ba, domin a tunaninsu fim ɗin zai yi 'yan makonni a silima a manta da shi. Sai a 1989 Amurka ta daina tilasta rubuta shaidar, a 1992 kuma sabuntawa ta zama ba sai an nema ba. Kafin nan ɗaruruwan fina-finai sun riga sun fita daga hannun masu su.

Ba a yi asara mai ciwo kamar ta Night of the Living Dead ba. George Romero da abokansa na birnin Pittsburgh, waɗanda tallar talabijin ce sana'arsu, sun yi shi da kuɗin da bai wuce dala 114,000 ba, a wani tsohon gidan gona kusa da garin Evans City. Da yake fari da baƙi ne, ruwan cakulan ya wadatar a madadin jini. Sunan da suka ba shi tun farko daban ne, kuma a kan allon wannan suna ne shaidar mallakarsu take. Kamfanin Walter Reade da ya karɓi rarrabawa ya sauya sunan kafin a fitar da shi a watan Oktoban 1968, aka yi sabon allo, aka manta da shaidar. Fim ɗin ya tara miliyoyin daloli a faɗin duniya, ya haifar da wani reshe sukutum na fina-finan gawa mai tafiya, amma waɗanda suka yi shi ɗan abin da ya shigo hannunsu bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sake yin fim ɗin da suka yi a 1990, da Tom Savini a matsayin darakta, har da neman fanshe wannan asara a cikin dalilansa.

Kafin kwali akwai talabijin. A 1957 kamfanin Screen Gems ya haɗa tsofaffin fina-finan Universal guda 52 a ƙunshi ɗaya mai suna Shock, ya ba tashoshi haya. Tashoshin suka riƙa nuna su da tsakar dare, kowace da nata mai gabatarwa sanye da kayan fatalwa. Da aka ga akwai masu kallo, sai aka shiga neman duk wani fim mai arha da zai cike waɗannan sa'o'i, kuma wanda babu mai shi ya fi kowanne arha. Yaran da suka yi satar kallon su a lokacin su ne suka girma suka zama masu sayen kaset bayan fitowar Betamax a 1975 da VHS a 1976. Shagon hayar kaset yana buƙatar abin da zai cika kanta, kuma kwali mai hoton ban tsoro ba ya kwana a kanta. A Birtaniya abin ya kai ga tayar da ƙura, har majalisa ta yi dokar tace kaset a 1984 bayan cece-kuce a kan fina-finai irin su The Evil Dead, amma wannan rigima ta sababbi ce masu zubar da jini. Tsofaffin fari da baƙi sun ci gaba da yawo a kwandon rangwame har DVD ya shigo Amurka a 1997, buga faifai ya yi arha ƙwarai, aka fara lissafin fim da hamsin-hamsin.

Wanda ya zauna ya bi kwalin da haƙuri zai ga abin da rashin kuɗi ke koya wa mai fasaha. Wanda ba shi da halin ƙera dodo mai gamsarwa, dole ya koyi ɓoye shi. Val Lewton na kamfanin RKO ne ya mayar da wannan larura ilimi. An ba shi sharaɗin kada fim ya wuce dala 150,000, kuma kamfani ne ke zaɓar suna tun kafin a rubuta labari. A Cat People na 1942, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni, wata mata tana tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata doguwar katanga, tana jin takun sawu a bayanta. Sai takun ya ɗauke. Ta ƙara sauri, tana waiwaye, babu kowa. Can sai wani huci mai ƙarfi ya fasa shirun kamar na damisa, ashe birkin motar bas ce ta tsaya a gabanta. Ba a nuna komai ba, amma gaban mai kallo ya riga ya faɗi. Fina-finan Lewton suna da masu su, don haka ba sa cikin kwalin arha, sai dai darasinsa yana ko'ina a ciki.

Carnival of Souls na 1962 shi ne babban misali. Herk Harvey ma'aikacin kamfanin Centron ne a garin Lawrence na jihar Kansas, inda ake yin fina-finan koyarwa na makarantu da masana'antu. Yana dawowa daga tafiya a mota ya hangi Saltair, wani katafaren wurin shaƙatawa da aka yi watsi da shi a bakin tafkin gishiri na jihar Utah, ginin ya tsaya masa a rai. Abokin aikinsa John Clifford ya rubuta labari, suka tara kimanin dala 33,000, suka ɗauka a cikin mako uku. Labarin wata budurwa ce mai kaɗa ogan, kayan kiɗan nan na coci, wadda motarsu ta faɗa kogi daga kan gada, ita kaɗai ta fito. Ta koma wani gari ta kama aiki, amma wani mutum mai farar fuska kamar an shafe ta da alli yana bibiyarta, a tagar mota, a madubi, a ƙasan matakala. Harvey da kansa ya fito a wannan matsayi. Wuri mafi tayar da tsikar jiki ba shi da fatalwa ko ɗaya. Tana cikin kantin tufafi ta fito daga ɗakin gwaji, sai duk wani sauti na duniya ya ɗauke. Ta yi wa mai kanti magana, ba ta ko ɗago ba. Ta fita titi, mutane suna wucewa ta gefenta, ma'aikata suna fasa kwalta, babu ƙara, babu mai ganinta, sai ƙarar takalminta kawai. Wannan fage bai ci kuɗin komai ba face kashe sauti, amma ya taɓo tsoron da ke zuciyar kowane ɗan Adam, na a ce ya mutu bai sani ba. Fim ɗin bai yi kasuwa ba da ya fito, kuma Harvey bai sake kammala wani dogon fim ba. Talabijin ɗin dare da kaset mai arha ne suka riƙe shi har aka sake nuna shi a silima a 1989, shekara bakwai kafin rasuwar mai shi.

A nan ne kuma laifin kwalin ya fi girma. Fasahar da aka gina a kan inuwa tana buƙatar hoto mai tsabta, domin a tsakanin baƙi da baƙi-ƙirin ake ɓoye abin tsoron. Masu kwalin arha ba su da asalin zaren fim ɗin. Abin da ke hannunsu galibi kwafi ne na ƙaramin zare mai faɗin milimita 16, wanda ya sha wuya a tashoshin talabijin, ko ma tsohon kaset da aka juyo daga irin wannan kwafi. Daga nan a matse fim biyu a fuska ɗaya ta faifai. Sakamakon shi ne hoto dishi-dishi, fuska ta zama farin dunƙule, dare ya zama baƙin allo, sauti yana shuu kamar ana ruwan sama, wani wurin ma an yanke mintoci an ɗinke. Araha ba ta ado. Matashin da ya fara ganin fim ɗin a haka zai ɗauka masu shi ne ba su iya ba, alhali abin da suka yi ne bai iso gare shi ba.

Nosferatu na F. W. Murnau, wanda aka yi a Jamus a 1922, ya fi kowanne nuna wannan ɓarna. Da rana aka ɗauki yawancin fagagen dare, sannan a rina zaren da shuɗi domin mai kallo ya san dare ne. Kwafin da ba a rina ba, irin wanda ya cika kwalayen arha, yana nuna dodon fim ɗin, mashayin jini, yana yawo a gari ɗauke da akwatin gawarsa da rana tsaka, a labarin da hasken alfijir ne ajalinsa. Ga kuma kiɗan da ake liƙa wa fina-finan da ba su da magana, wanda sau da yawa ba shi da haɗi da abin da ke faruwa a allo. Har a bangon kwali akwai ha'inci. Jack Nicholson 'yan mintoci kaɗan ya yi a The Little Shop of Horrors, yana saurayi ba a san shi ba, amma da ya shahara sai masu kaset suka riƙa cika bango da fuskarsa kamar shi ne jarumin.

Ba kuma duk abin da ke cikin hamsin ɗin ne ya cancanci a ɓata masa dare ba. Mai kyau na gaske bai fi goma zuwa sha biyar ba, sauran cikon benci ne, surutu a ɗaki ɗaya da mutum sanye da rigar goggon biri. Wasu kuma suna ɗauke da ƙazantar zamaninsu. White Zombie na 1932 an kafa labarinsa a Haiti a daidai lokacin da sojojin Amurka ke mamaye da ƙasar, daga 1915 zuwa 1934, kuma addini da al'adun baƙaƙen fatar tsibirin kayan tsoratarwa kawai aka mayar da su. King of the Zombies na 1941 ya ba Mantan Moreland, ɗan wasan barkwanci mai hazaƙa, matsayin bara matsoraci mai zare ido, irin gurbin da aka ware wa baƙar fata a lokacin. Mai kallo daga Afirka ba zai wuce waɗannan ba tare da ransa ya sosu ba, kuma kwalin ba ya zuwa da ko layi ɗaya na bayani. Duk da haka, a cikin White Zombie ɗin akwai fagen injin matse rake, inda gawarwaki ke zagaye suna tura turmin niƙa, babu kiɗa sai kukan katako, ɗaya ya faɗa cikin injin sauran ba su ko tsaya ba. Ko masu fim ɗin sun nufa ko ba su nufa ba, hoton bauta ne tsirara. Kuma a kwali ɗaya da waɗannan ake samun Duane Jones, baƙar fata, malamin makaranta, yana jagorancin Night of the Living Dead a matsayin wanda ya fi kowa hankali da ƙarfin zuciya a gidan. Ya tsira daga gawarwakin har gari ya waye, sai ayarin fararen fata masu farautar su suka hango shi ta taga suka harbe shi. An fitar da fim ɗin wata shida bayan kashe Martin Luther King. Wanda ya kalli faifan a jere zai ga tafiyar shekara talatin da shida ta yadda silimar Amurka ke kallon baƙin mutum, abin da mai haɗa kwalin bai shirya ba.

Hujja mafi ƙarfi a ɓangaren kwalin ita ce ta rayuwa da mutuwa. Fim abu ne mai lalacewa. Zaren da aka yi amfani da shi har zuwa farkon shekarun 1950 yana kama wuta da kansa in ya tsufa ya ji zafi, wanda ya gaje shi kuma yana ruɓewa yana warin tsami. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da babu magana sun ɓace gaba ɗaya. London After Midnight na 1927, na Lon Chaney, mallakar babban kamfanin MGM ne, an kulle shi a ma'ajiya, kuma kwafinsa na ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar ma'ajiyar a shekarun 1960. Nosferatu kuwa kotun Jamus ce ta ba da umarni a 1925 a lalata duk kwafinsa, bayan matar marigayi Bram Stoker ta yi ƙara cewa an ɗauki labarin littafin mijinta ba izini. Abin da ya cece shi shi ne kwafin da suka riga suka bazu zuwa wasu ƙasashe. Wanda aka tsare a wuri ɗaya ya tafi, wanda ya watsu a hannun jama'a ya saura. Masu kallon da suka taso da kaset a Najeriya suna da nasu kason a wannan batu, domin Turmin Danya na Kano a 1990 da Living in Bondage na Legas a 1992 a kan kaset aka haife su, kuma kaset ya fi zaren silima saurin mutuwa a ƙasa mai zafi da ƙura.

Yaɗuwar ce kuma ta samar da masu neman gyara. Mutanen da suka fara ganin waɗannan fina-finai dishi-dishi su ne daga baya suka yarda su biya kuɗi mai kauri domin su gan su yadda aka yi su. Kamfanin Criterion ya fitar da Carnival of Souls a gyare a 2000. Gidan adana kayan fasahar zamani na New York, tare da gidauniyar fim da Martin Scorsese ya kafa a 1990, sun koma kan asalin zaren Night of the Living Dead suka gyara shi a 2016, da sa hannun Romero da abokan aikinsa na farko. Romero ya ga aikin kafin ya rasu a watan Yulin 2017, Criterion kuma ya fitar da shi a faifai a 2018. A wannan kwafi ana ganin ƙwayar katakon da Ben, jarumin fim ɗin, ke kafewa a tagogi da zufar da ke goshinsa, ana kuma gane cewa duhun da ke cikin gidan tsara shi aka yi da fitila, kusurwa bayan kusurwa.

Kwalin hamsin ɗin kansa ya ja baya tare da kasuwar faifai. Netflix ya rufe sashensa na aika DVD ta gidan waya a 2023, manyan kantuna kuma sun rage wurin da suke ba faifai ko sun kwashe shi ɗungurungum. Tsofaffin kwafin masu dishi-dishi sun koma YouTube da Internet Archive da tashoshin intanet na kyauta, inda fim ɗaya kan bayyana sau goma da tsawo daban-daban, babu alamar wanne ne cikakke. Faifan da ya saura ya zama na masu tarawa, a hannun kamfanoni irin su Kino Lorber da Arrow da Vinegar Syndrome. Wannan na ƙarshe an kafa shi a jihar Connecticut a 2012, sunansa ma daga ciwon warin tsamin nan mai cin zaren fim aka ɗauko shi, kuma aikinsa shi ne bin rumbuna da ɗakunan ajiya yana tsamo ƙananan fina-finan shekarun 1960 zuwa 1980 kafin ruɓa ta riga shi.